Jirgin Toka a Gonar Hafsatu

Bayan sallar isha'i Hafsatu ta fara jin ƙarar. Ba kukan tsuntsu ba ne, ba injin niƙa ba ne, ba kuma rediyon da ya ɓata tasha ba. Wani siririn kuka ne, kamar a ce an samu sauro mai girman ɗan akuya an ɗaure shi bayan katanga: ya yi ziiii, ya huta, ya sake ɗauka. Daga gidan Malam Mahamman yake fitowa, maƙwabcinta na gabas, wanda ya dawo Dakoro bara bayan ya yi shekara talatin yana walda a Arlit. Akuyarta ma sai da ta bar tuƙa ta miƙe kunnuwa. Hafsatu ta yi addu'a ta tofa, ta ja bargo, amma ta adana abin a ranta.

Da ma akwai abubuwan da ta riga ta adana game da mutumin nan. Shi kaɗai yake zaune. Matarsa ta rasu can arewa, 'yarsa ɗaya tana aure a Maradi. Ran kasuwa za ka gan shi da farin gemunsa yana bin bayan rumfuna, yana tsintar gwangwanin sardin da na tumatir, yana ɗaga su a rana kamar mai sayen zinariya. Yana sayen ƙaro wajen matan Fulani, alhali ba a taɓa ganin ya dama tawada ya rubuta ko allo ɗaya ba. Da kaka ya zo ya roƙe ta karan dawa. Bai ɗauki dami ya tafi kamar kowa ba, sai ya tsuguna yana zaɓa ɗai-ɗai, yana matsa kowane da babban yatsa. Ta ɗauka darni zai yi. Har yau ba ta ga darnin ba.

Kwana uku bayan ƙarar ta tafi gona.

Gonar tana arewa da gari, in ka ɗauki hanyar Azagor, a shimfiɗe kamar faifai, daga wani tsohon gawo har zuwa layin gamba da ya raba ta da gonar gabas. Ita ce abin da mijinta Zakiru ya bar mata da 'ya'yanta mata biyu, Haula da ƙanwarta, ita ce tuwonsu na shekara. Takarda kuwa babu. Uban Zakiru ne ya nuna masa iyakarta da sanda a gaban dattawa biyu, kuma su ukun duk suna ƙasa yanzu. Hafsatu ta ga yadda gonakin yammacin gari suka zama gidaje: da farko turke, sannan igiya, sannan wani ya fito da takarda mai hatimi, sai bulo.

An yi mako biyu da sakin gonaki, wato ranar da hukuma ke shelar an gama girbi, dabbobi na iya shiga. Kamar kowace shekara, Rhissa Buzu ya sauka a gonarta da raƙumansa biyar, su ci kara su bar mata kashinsu don damina.

Tun daga nesa ta hango wasu jajayen ƙyallaye suna kaɗawa. Da ta matso sai ta ga turaku ne na itacen kalgo, an fiƙe su an kafa, kowane da jan tsumma a ka. Tsakaninsu an zuba toka layi-layi, wani ya miƙe sambal, wani ya lanƙwasa.

"Buzu," ta ce, ko sallamar ba ta ƙarasa ba, "raƙumanka sun haihu ne jiya, ko iska kake ɗaurewa?"

Rhissa yana tsugune gaban butar shayinsa. Bai ɗaga kai ba sai da kumfa ta yi yadda yake so. "Inna, raƙumina bai san turke ba, dabaibayi ya sani. Wanga aikin maƙwabcinki ne, mai farin gemun nan da ke tafiya yana magana da ƙasa."

"Mahamman?"

"Shi fa. Yau kwana biyar. Da hantsi yake zuwa da igiya da buhun toka. Ya yi taku yana ƙirgawa, ya tsaya, ya rubuta a takarda, ya kafa. Na miƙa mishi shayi ya ce sai ya gama fiffike."

"Fiffiken mi?"

"Ban tambaya ba. Ni na ɗauka kin sayar mishi."

Wannan kalmar ta fi turakun yi mata zafi. In Rhissa da ke kwana a gonar ya ɗauka an sayar, me mai wucewa a hanya zai ɗauka? Baɗi war haka za a samu wanda zai rantse cewa ya ga turakun Mahamman a wurin, kuma bai ji wanda ya yi magana ba.

Rhissa ya kurɓi shayi. "Jiya da na hau amalena na dubo ƙasa, abin ya yi mini kama da shaho an shanya shi."

"Mai cin gona ba ya zana shaho," in ji Hafsatu. Ta bi layin tokar da ƙafa tana nunawa. "Gida ne. Ga dogon zaure, ga ɗakuna dama da hagu. Ka ga har inda zai sa awaki."

Hannunta ya kai kan turke ɗaya, ta fasa. Ta san wanda ya tuge turke ba shaida, shi ake mayarwa mai laifi.

Da la'asar ta zuba ƙuli-ƙuli a kwano, ta yafa mayafi, ta yi sallama a ƙofar Mahamman. Ba ta taɓa wuce zaurensa ba.

"Lale, Uwar Haula! Yau wace rana? Shigo, amma ki sunkuya, kada ki kaɗe mini na sama."

Ta sunkuya. Ƙarƙashin rumfar tsakar gidan jirage ne rataye da zare, bakwai ko takwas, suna juyawa a hankali duk da babu iska. Wani mai farfela ɗaya a hanci, wani mai biyu, wani siriri mai baki kamar na zalɓe. Jikinsu totuwar kara ce, an kankare ta da fasasshiyar kwalba har ta yi santsi, an manne da ƙaro. Fukafukan an lulluɓe su da gwangwanin sardin da aka bubbuga ya yi laushi kamar ganye. Tayoyin daga tsohon takalmin roba aka yanko su, tagogin daga gorar ruwa. Fentin kuwa shuni ne da farar ƙasa. Hafsatu ta gane karan gonarta a cikin haƙarƙarin wani babba da ba a gama ba, yana kwance kan tabarma kamar kifin da aka cinye namansa.

A lungu kuma wani abu ne tsaye, tsawonsa ya kai gwiwa. Siffar mutum gare shi, da faffaɗan kafaɗu na gwangwanin tumatir, da ƙaho biyu, da yatsu na wayar keke. Ƙirjinsa a buɗe yake, a ciki ga wata 'yar kujera da ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba.

Ta ja da baya. "Malam Mahamman, wanga kuma gunkin mi ne?"

"Ba gunki ba ne, mota ce mai ƙafafu. A majigin zane na mutanen Japan na gan shi, a talabijin ɗin wani abokin aikina. Mutum ke shiga ƙirjinsa ya tuƙa shi. In da gaske ne, tsawonsa ya wuce hasumiyar masallacin Juma'a."

"Ka taɓa ganin mai tuƙin?"

"Zane ne, Uwar Haula. Babu shi a duniya."

"Babu shi a duniya, amma ka san tsawonsa."

Ya yi dariya har da buga cinya, kamar ta yabe shi. Ya ɗauko wani ɗan injin aski da ya mutu, wanda ya ɗaura wa basilla a baki, ya taɓa wayarsa a batirin babur. Ziiii. Ya huda taga ɗaya a jikin totuwa, ya hure garin. "Da wanga nake fitar da tagogi. Bayan isha'i hannuna ya fi natsuwa. In yana damunki ki faɗa."

To, ga sauron da ya hana ta barci. Amma hankalinta bai kwanta ba, don idonta ya riga ya sauka kan wata takardar buhun siminti da aka danne da dutse. Layuka ne da lambobi. Hafsatu ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, ba ta karanta lamba, amma a kusurwar takardar an zana itace mai karyayyen reshe ɗaya da ya karkata yamma. Ko cikin itatuwa dubu ta san gawonta.

Mahamman ya ga inda take kallo. Ya yi sauri ya naɗe takardar ya soke ta a rufin rumfa. "Kada man ƙuli ya taɓa ta," in ji shi.

Ta ce haka ne. Ta yi masa sai an jima.

A gida ta zauna ta jera abin daki-daki, ya kuwa jeru. Dattijo mai hankali, wanda ya yi shekara talatin cikin masu kuɗin arewa, ba zai dawo ya zauna yana wasan yara don Allah ba. Wasan mayafi ne. Yana so gari ya ce ai Mahamman ya taɓu, a bar shi da gwangwanayensa, ya shiga inda ya ga dama ya auna, ba mai tanka masa. Karan da ya roƙa ma ƙila hanyar ganin gonar ce. Kafin magariba tana gaban Mainassara mai unguwa, ta faɗa masa turaku, ta faɗa masa igiya, ta faɗa masa takarda da gawo. Gunkin ne kawai ta bari, don kada maganar ta watse.

Washegari da hantsi aka haɗu a gonar. Mainassara ya zo da lemarsa, tsoho mai jinkirin magana. Maraya ma ya zo, ƙanen marigayi Zakiru, don gonarsa ce a gabas bayan layin gamba, kuma ba a maganar iyaka ba maƙwabci. Rhissa yana gefe da butarsa. Mahamman ne ya iso ƙarshe, rungume da wani abu naɗe cikin tsohon zane, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da jinjiri.

"Mahamman," in ji Mainassara, "turakun nan naka ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Wa ya ba ka wurin?"

"Ba wanda ya ba ni. Aro na yi."

"Wajen wa?" Hafsatu ta jefa masa.

Mahamman ya ajiye abin da ya rungumo a ƙasa. Sai ya tsuguna ya kware zanen. Babban jirgin nan ne mai haƙarƙarin kara, yanzu an ɗaura masa fiffike ɗaya. Daga aljihu ya fito da wani hoto da ya yanko a tsohuwar kalanda, jirgin ɗaukar kaya mai farfela huɗu, da ƙananan lambobi a ƙasansa.

"Ranka ya daɗe, wanga jirgi ban taɓa tsayawa kusa da shi ba. A sama nake ganinsa. Takarda ta ce tsawonsa mita kaza, fiffike mita kaza. Ni kuwa lamba ba ta shiga kaina sai na taka ta da ƙafata. Sau biyu ina yin shi daga hoto, yana fitowa da fukafukan kaza. Sai na ce bari in zana shi ƙasa da girmansa na gaskiya, in zagaya shi, in tsaya ƙarƙashin fiffiken in ji yadda yake. Daga nan kowane taku ɗaya a ƙasa, faɗin yatsa ɗaya a kara." Ya miƙe, ya nufi turken da ke kusa da gawo. "Nan ne hanci. Ku biyo ni."

Ba wanda ya yi niyya, amma duk suka bi shi. Ya yi taku arba'in yana ƙirgawa da ƙarfi, ya dawo ya jera yatsunsa a bayan jirgin kara, ɗaya bayan ɗaya, Rhissa na taya shi ƙirga. Arba'in cif. Ya nuna musu inda matuƙi ke zama, ya nuna da'ira huɗu na toka inda farfela ke juyawa. Ya roƙi Mainassara ya ɗan matsa, wai yana tsaye cikin inji.

Maraya ya fashe da dariya. "Matar yaya, ashe filin jirgi kika buɗe ba ki gaya wa dangi ba! A ajiye mini kujera ta gaba, Makka za ni."

"Kai da ko kuɗin moto zuwa Ɗan Gulbi sai an tara maka," in ji ta, ba ta ko dube shi ba. Idonta na kan Mahamman. "To gawona fa? Mi ya kai shi takardarka?"

"Daga shi nake fara awo, kada in ɓace. Duk arewacin garin ga, Uwar Haula, na yawata. Gonarki ce kaɗai ba tudu ba kwari, fiffike taku hamsin da huɗu ya shiga bai karye ba."

"Ka yawata gari duka, amma katanga ɗaya da ke tsakaninmu ta gagare ka zagayowa ka tambaye ni."

"An saki gonaki," Mahamman ya ce a hankali. "Na ga raƙumi ya shiga, jaki ya shiga. Na ce ni ma ba zan ci komi ba."

Mainassara ya sauya wa lemarsa kafaɗa. "Raƙumi ba ya kafa turke, Mahamman. Ka daɗe a ƙasar duwatsu, ka manta. A nan in ka soka itace a ƙasar wani, ka yi magana ke nan, ko bakinka na rufe."

Hafsatu ta dubi jirgin karan, ta dubi tokar. Yanzu da aka faɗa, tana ganin shahon da Rhissa ya gani. Amma ta san mutum na iya zana jirgi da gaske, kuma turakunsa su yi masa wani aikin daga baya, ko su yi wa magadansa.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "ina son abu biyu. Ya faɗa da bakinsa gaban mutanen ga gonar wa ce, daga ina zuwa ina. Sannan ya tuge su duka, yanzu, ina kallo."

Na farkon bai ba Mahamman wuya ba. Ya ɗaga murya har raƙuma suka waiwayo: gonar Hafsatu ce matar marigayi Zakiru, ita da 'ya'yanta, daga gawo har layin gamba, shi ba shi da ko tafin hannu a ciki, ba shi da niyyar samu. Mainassara ya ce ya ji. Rhissa ya ce ya ji. Maraya ya ce ai wannan kowa ya sani.

Na biyun ne ya tsaya masa a wuya. "Uwar Haula, kwana ɗaya tak. Wutsiya ta rage. Ban auna ta ba, kuma ita ce mai wuyar. In na tuge yanzu sai na sake komi daga hanci."

"Jirginka ya tashi ba wutsiya."

"Ba ya tashi ma, rataye shi zan yi."

"To ka rataye shi gundul."

Mahamman ya dubi mai unguwa, mai unguwa ya dubi lemarsa. Sai Mahamman ya ajiye jirgin a inuwar gawo, ya rufe shi da zanen, ya fara daga hanci. Yana tuge turke, ya kwance jan tsumman ya sa aljihu, ya share tokar da gefen ƙafa. Hafsatu tana bayansa taku biyu. Ya ce ashirin da shida ya kafa, haka yake a takardarsa, ta ce a tara su wuri ɗaya ta gani. Matuƙi ya tafi, farfela huɗu suka tafi, fiffiken yamma ya koma ƙasa kamar ba a yi ba. Sau ɗaya ta ga ya tsaya ya daɗe yana kallon wurin da wutsiya za ta kasance, leɓunansa na motsi.

Aka tara turaku gindin gawo. Rhissa ya ƙirga, Mainassara ya sake ƙirgawa. Ashirin da shida.

"Saura ɗaya," in ji Rhissa.

"Sun cika," in ji Mahamman.

"Akwai wani can bayan sabara, gaba da bakin fiffiken gabas. Shekaranjiya taguwata ta yi tuntuɓe da shi."

Suka ɗunguma can. A gindin wata sabara, inda ganye ya rufe, wani guntun ƙarfe ne irin na gini, an buga shi ƙasa sosai, ɗan yatsa huɗu kawai ya rage a waje. An shafa wa kansa farin fenti, fentin ko ƙura bai gama ɗauka ba. Babu jan tsumma. Mahamman, da ƙafarsa ta riga ta saba, ya taka daga ƙarfen zuwa layin gamba na iyakar gonar Maraya ba tare da an sa shi ba. Taku goma sha biyu, duk a cikin gonar Hafsatu.

Ya dawo ya tsuguna, ya kama ƙarfen ya jijjiga. Ko motsi bai yi ba. Hafsatu ta zo ta tsaya a kansa, ƙarfen tsakanin ƙafafunta. Maraya, da tun safe bakinsa bai huta ba, ya sunkuya yana cire ƙarangiya daga ƙafar wandonsa, ɗaya bayan ɗaya. Mainassara ya rufe lemarsa, ya sake buɗe ta.

"Nawa duk na kalgo ne, da dutse nake buga su," in ji Mahamman, yana duban fuskokinsu. "Wanga sai da babbar guduma. To, wa ya kafa shi?"